Haƙoran kifin shak a ƙasar Hausa: Shaidar tekun da ya ƙafe

Tsakanin Keffi da gaɓar teku akwai ɗaruruwan kilomita, amma duwatsun Arewacin Nijeriya na ɗauke da shaidar cewa ruwan gishiri ya taɓa malale wasu sassan yankin. Daga cikin shaidun har da haƙoran kifin shak da suka rikiɗe suka zama dutse.

Garin Keffi kansa yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ba ya adana ragowar halittu. Sai an gangara Awe da Keana da Obi, cikin kwarin Binuwai, ake tarar da duwatsun da suka samu daga lakar teku. Masana na danganta gishirin Keana da Awe da wannan tarihi.

Inda haƙoran suka fi shahara shi ne lardin Sakkwato. A Dukamaje da Dange da Wurno, akwai shimfiɗun laka da suka kwanta kimanin shekara miliyan 70 zuwa 56 da suka wuce, lokacin da wani siririn teku ya ratso Sahara. A 1934, masanin Ingila Errol White ya wallafa bayani kan kifayen da aka tono a lardin. Farar ƙasar Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita, a ƙarƙashin wannan teku ta taru.

Dalilin da ya sa galibi haƙori ne ke saura shi ne jikin shak guringuntsi ne, yana ruɓewa da wuri. Haƙorin kuwa yana da ƙwari, kuma kifi ɗaya kan zubar da dubbai a rayuwarsa.

Masu tara irin waɗannan haƙora a duniya sun fi begen na Megalodon, ƙaton shak da haƙorinsa kan kai santimita 18. Sai dai ya rayu ne daga shekara miliyan 23 zuwa 3.6 da suka wuce, bayan tekun Sakkwato ya daɗe da janyewa. Saboda haka haƙoran Sakkwato sun girme shi nesa ba kusa ba, ko da yake ba su kai nasa girma ba.

A Maroko, haƙoran da ake samu a mahaƙar fosfat ta Khouribga sun zama hajar kasuwa. Matsalar ita ce, haƙorin da aka tsinta ba tare da rubuta wurin da shimfiɗar dutsen da ya fito ba ya rasa mafi yawan amfaninsa ga ilimi, domin shimfiɗar ce ke bayyana shekarunsa.

Wanda ya ci karo da irinsa, ya ɗauki hotonsa a inda yake, ya rubuta sunan wurin, sannan ya tuntuɓi Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya ko sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi.