Mai ciki da tsohon ciwo

Maganarmu ta yau a kan ciwon da mace ke da shi ne tun kafin ta ɗauki ciki, kamar hawan jini, ciwon sukari da emasi, wato amosanin jini.

Kun san garkar rake ta Dallol Mawri. In hanyar ruwa ta toshe, rake ba ya ƙiba. Haka ɗa yake cikin ciki. Abincinsa da iskarsa daga jinin uwa suke zuwa, ta mabiyiya. Hawan jini yana matse jijiyoyin nan. Sai ɗa ya zo ƙarami, bai kai kilo 2 da rabi ba, ko ya zo bakwaini. Wani ma ya mutu a ciki. Ita uwa tana iya faɗuwa da jijjiga. Mutane su ce iskoki ne. Jini ne ya hau.

Wuyar abin, hawan jini ba ya faɗin zuwansa. Awo ke nuna shi. In ya kai 14 a kan 9, a kula.

Ciwon sukari kuwa yana sa ɗa ya yi girma ƙwarai, haihuwa ta yi gardama. Mai emasi jininta kaɗan ne, zazzaɓin sauro na ƙara rage shi. Ta kwana cikin gidan sauro, ta haihu a likita.

Ke ƴar'uwa, mun san kunyar cikin fari. Amma kada ki ɓoye wa ungozomar likita. Ki je awo tun watannin farko, a Matankari, Gesheme, Kore Mairuwa ko inda ya fi kusa. A 2006 gwamnati ta yafe kuɗin awon ciki. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je sau 8. Ki tafi da kwalin maganin da kike sha, don wasu magungunan hawan jini na cutar da ɗa. Kada ki daina sha da kanki, likita zai canza miki. Ki rage gishiri da kanwa.

Kai maigida, in ta yi kukan ciwon kai mai tsanani, ko ganin dishi-dishi, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko jini ya ɓalle, kada ka jira gari ya waye. Ɗaura amalanke.