Yadda ZIP ta kayar da ARC, LHA da ARJ

Duk matashin da ke buɗe fayil da ZArchiver a wayarsa, a Mainika yake ko a kasuwar Gwarzo, yana cin gajiyar wata shari'a da aka yi a Amurka a 1988.

Lokacin, faifan floppy mai kyau 1.44MB kawai yake ɗauka, ko hoton waya ɗaya na yau da ƙyar ya shiga. Dole a matse fayil. Manhajar ARC ta 1985 ce ke tashe, sai Phil Katz ya rubuta PKARC wadda ta fi ta sauri. Kamfanin SEA, mai ARC, ya maka shi a kotu. Katz ya fito da PKZIP a 1989, ya kuma bayyana tsarin ZIP ga kowa. Daga nan kasuwar ARC ta mutu.

LHA ta Haruyasu Yoshizaki ta samu karɓuwa a Japan da kwamfutocin Amiga. ARJ kuwa gwanar raba babban fayil ce a faifai da yawa, sai dai in ɗaya ya lalace an shiga uku.

Buɗaɗɗen tsarin ZIP ne ya raya ta. Kowace manhajar APK ta Android ma ZIP ce. Mai shakka ya mayar da .apk zuwa .zip ya buɗe ya gani.