Dalilan Sauyawar Inzayim a Cikin Tsoka Mai Tasowa

Tsokar da ɗan Adam yake motsi da ita ba ta faro da surar da muka san ta da ita ba, domin a cikin tayi ƙwayoyin halitta ne guda-guda masu yawan rabuwa, waɗanda idan wa'adinsu ya yi sai su daina rabuwa, su jeru, su haɗe da juna, har su zama dogon zare ɗaya mai cibiyoyi da yawa. A daidai wannan lokaci ne inzayim ɗin da ke cikinsu, wato furotin masu gaggauta ayyukan sinadarai, suke sauya kama. Mafi bayyana shi ne kiriyatin kainas, wanda aikinsa mayar wa tsoka da makamashin ATP nan take idan ta yunƙura: ƙwaya mai rabuwa tana ɗauke da nau'insa na BB, irin na ƙwaƙwalwa, sa'an nan MB ya bayyana, daga bisani MM ya rinjaya, yawansa kuma ya ninku ƙwarai.

Mas'alar da malamai suka daɗe suna bahasi a kanta ita ce sababin wannan sauyi. Sa'ad da David Yaffe da abokan aikinsa a Cibiyar Weizmann suka raini ƙwayoyin tsokar ɓera a faranti, suka ga inzayim yana hauhawa tare da haɗewar ƙwayoyin, an karkata ga cewa haɗewar ce sababi. Amma da aka rage sinadarin kalsiyam a ruwan renon ƙwayoyin tsokar kaza, haɗewa ta faskara, duk da haka furotin na tsoka suka ci gaba da taruwa, sai ta tabbata cewa abubuwan biyu tafiya tare kawai suke yi, kuma umarnin daga wani wuri yake fitowa.

An gano wurin a 1987, lokacin da Davis da Weintraub da Lassar a birnin Siyatil na Amurka suka ware ƙwayar gado guda, MyoD, wadda idan aka sa ta cikin wasu ƙwayoyin da ba na tsoka ba sai ta juya su zuwa tsoka, abin da har yau nake ganinsa cikin mafi ban mamaki da ilmin halittu ya nuna. Furotin ɗin MyoD, da 'yan'uwansa Myf5 da mayojenin da MRF4, suna kama wani gajeren jeri a jikin DNA kusa da ƙwayar gadon kiriyatin kainas, su buɗe ta tare da taimakon wani furotin mai suna MEF2. Sai dai akwai sharaɗi: matuƙar sinadaran haɓaka irin su FGF suna kewaye da ƙwayar, wani furotin mai suna Id yana riƙe abokan aikin MyoD, kamar mai mabuɗi a hannu da aka tsare shi a bakin ƙofa. A ganina wannan sharaɗi bai gaza sababin muhimmanci ba, hujja kuwa ita ce sankarar tsoka ta yara, wadda ƙwayoyinta suke da MyoD amma ba su daina rabuwa, saboda haka ba su kammala zama tsoka.

Natijar wannan tsari ta isa har gadon asibiti. Da yake MM ya taru a cikin tsoka, ganinsa da yawa a jini alama ce ta zaren ya yage, kuma tun 1959 Ebashi da abokansa a Japan suka nuna hauhawar inzayim ɗin a jinin masu ciwon lalacewar tsoka na gado. Haka nan tsokar da ta ji rauni tana komawa ga ƙwayoyin ajiya da Alexander Mauro ya bayyana a 1961, su sake bin tafarkin tayi daga farko, shi ya sa MB, wanda aka saba ɗauka alamar ciwon zuciya, yakan ƙaru a jinin mai tseren dogon zango alhali zuciyarsa lafiya lau, likita kuma ya buƙaci gwajin wani furotin na zuciya mai suna tiroponin kafin ya yanke hukunci.