Ziyara Zuwa Gwandu

Arewa da Tambuwal akwai wani gari, sunansa Gwandu. Ba shi da nisa. Wanda ya yi sammako da ƙafa, kafin azahar ya isa. Da yawa cikinku sun taɓa zuwa can cin kasuwa, ko biki, ko gaisuwar mutuwa. Amma mutum nawa ne suka tsaya suka tambayi labarin garin?

Babbar hanyar mota da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega ba ta ratsa Gwandu ba. Saboda haka matafiya su kan wuce ba su san da shi ba. Ga shi kuwa, a zamanin da, daga nan a ke mulkin rabin daular Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Asalin garin

An ce sunan ya fito daga kalmar gandu, don wurin gonar Kanta ne, Sarkin Kabi. Ƙauye ne kawai, har shekarar 1805. A wannan shekara jama'ar Shehu suka ci Birnin Kabi, Shehu ya taso daga Sabon Gari ta ƙasar Zamfara ya sauka Gwandu.

Ba a daɗe ba sai Gobirawa da Kabawa da Azbinawa suka haɗa kai suka kawo yaƙi. Aka gamu a Alwasa, aka kashe jama'ar Shehu da yawa. Waɗanda suka saura suka komo Gwandu, abokan gaba na biye da su. Lokacin nan garin ko ganuwa ba shi da ita. Ga mata, ga yara, ga Shehu da kansa a ciki. Jama'a suka dage, Allah ya ba su nasara, suka kori maharan. Da Gwandu ta faɗi ran nan, da labarin ƙasarmu ya sake. Bayan wannan ne aka gina wa garin ganuwa.

Shehu ya zauna Gwandu har aka ci Alƙalawa, birnin Gobir, a 1808. Daga baya ya koma Sifawa, sa'an nan Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ɗansa Muhammadu Buhari shi ya zauna ribaɗi a Tambuwal. Kun ga ashe Tambuwal da Gwandu 'yan gida ɗaya ne.

Malam Abdullahi

A 1812 Shehu ya raba aikin mulki biyu. Ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba ƙanensa Malam Abdullahi yamma. Bayan rasuwar Shehu, Malam Abdullahi ya zauna Gwandu. Ƙasashen da ke bin Gwandu suna da yawa. Akwai Nufe da Ilori ta kudu. Akwai Sayi, wadda ke cikin Nijar yanzu, da Liptako, wadda ke cikin Burkina Faso.

Duk da wannan mulki, abin da Malam Abdullahi ya fi so shi ne karatu da koyarwa. Almajirai su kan zo daga nesa su zauna gabansa. Ya rubuta littattafai masu yawa da Larabci. Cikinsu akwai Liya'ut Tawili, wato tafsirin Alƙur'ani mai girma. Akwai Liya'ul Hukkami, wanda ya rubuta a Kano don ya nuna wa masu mulki hanyar adalci. Akwai kuma Tazyinul Waraƙati, mai ba da labarin jihadi. Har yau malamai suna karanta su.

Ya rasu a 1829, aka rufe shi a Gwandu. Hubbarensa yana nan, mutane suna zuwa ziyara.

Baƙon da ya sami littafi

A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, wani Bature mutumin Jamus ya sauka garin. Sunansa Barth, amma a ƙasarmu Abdulkarimu a ke ce masa. Ya yaba albasar Gwandu da ayabarta. Ya so ganin Sarki, bai samu ba, don Halilu mutum ne mai son kaɗaita da ibada.

Amma ya sami abin da ya fi. Wani malami ya ara masa wani tsohon littafi, Tarihin Sudan, wanda Abdurrahman Sa'adi na Tambutu ya rubuta wajen shekarar 1655. Barth ya iya Larabci. Ya zauna kwana da kwanaki yana kwafe abin da ya iya. Ta haka ne mutanen Turai suka san labarin sarakunan Sangai. Ku lura. Da bai iya karatu ba, da littafin nan tarin takarda ne kurum a hannunsa.

Daga baya sarauta ta tashi daga garin. Yanzu Sarkin Gwandu a Birnin Kabi ya ke zaune. Tun 1991 kuma Gwandu tana cikin Jihar Kabi, Tambuwal tana cikin Jihar Sakkwato. Sarauta ta ƙaura, amma hubbare da ilmin da aka rubuta ba su ƙaura ba.

In kun je

Ku fara da masallaci, ku yi salla. Sa'an nan ku nemi masu kula da hubbare, ku gaishe su, ku nemi izni. Ku tuɓe takalma. Kada ku ɗaga murya. Ku yi wa mamata sallama, ku roƙa musu gafara. Ku tuna, Allah kaɗai a ke roƙo. Kada ku kankare ƙasar bango, kada ku yi rubutu a jikinsa.

Ku tafi da fensir da takarda. Ku zauna wurin dattawa, ku tambaye su inda ganuwa ta bi da sunayen ƙofofinta. Abin da suka faɗa muku, ku rubuta. Tsoho in ya mutu, ya kan tafi da abin da ke kansa.

In kun komo gida kuma, ku duba gafakar kakanninku. Wataƙila akwai tsofaffin littattafai ciki. Ku raba su da gara da yoyon ɗaki. Kada ku sayar wa kowa. Ku kai wa malami ya karanta muku.

Tambayoyi

1. Daga wace kalma aka ce sunan Gwandu ya fito?
2. A wace shekara Shehu ya sauka Gwandu?
3. Ku faɗi sunan littafi ɗaya na Malam Abdullahi.
4. Me Barth ya samu a Gwandu?
5. Kowa ya rubuta layi uku a kan tsohon masallacin garinsu.