Tsuntsayen da ke bin jiragen masunta: su ma 'yan ci-rani ne

Bashi ne ya fara kai ni bakin teku da sassafe. Wani masunci ɗan Benin ya ɗauki shinkafa da man girki da batura a shagona da ke Awendjé, aka yi mako uku shiru. Ranar nan da aka idar da sallar asuba na ja autana, muka gangara Oloumi, inda masunta ke sauke kifi. Na tarar da matarsa tana jira da bahonta. Kafin in buɗe baki ta ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, yau za a biya ka. Dubi sama."

Na duba. Can nesa ga kwale-kwale yana tahowa, fararen tsuntsaye sun yi masa rumfa, suna ta kuka suna faɗawa ruwa. Ta ce jirgin da ya dawo hannu wofi ba ya samun 'yan rakiya. Haka kuwa aka yi, kafin hantsi kuɗina suna aljihu.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan karatun. Balbela ba don ƙauna take bin shanu ba, fārin da kofato ke tayarwa take nema. To, haka abin yake a teku. Mafi yawan masu rakiyar nan wani siririn tsuntsu ne mai tsinin baki da wutsiya mai reshe biyu, wanda a Faransanci ake kira sterne. Ba ya iya nutso mai zurfi. Sai ya tsaya cak a iska, ya auna, ya faɗo kamar jifa, ya cafke abin da ke saman ruwa. Saboda haka dole sai wani ya taso masa da kifin. Wani lokaci manyan kifaye ne ke koro ƙanana sama, a nan masunta ne ke bin tsuntsu, don ya nuna musu inda za su zuba koma. Idan kuma aka fara jan koma, sai lissafi ya juya: 'yan ƙananan da suka suɓuce a galabaice, da hanjin da ake watsarwa, duk rabonsa ne. Da an matso gaɓa kuma shirwa na nan, ita da ƙafa take sura, kamar yadda take yi wa 'yan tsaki a gida.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne da yawansu ba 'yan nan ba ne. A Turai suke ƙyanƙyasa. Idan sanyi ya doso can, wajen Satumba zuwa Oktoba, sai su biyo gaɓar Afirka ta Yamma, wasu har nan bakin kogin Komo, su koma wajen Afrilu. Akwai ma masu zobe a ƙafa, wanda masu bincike a Ingila ko Holan suka sa musu don sanin hanyarsu. Ba fasfo, ba takardar zama, amma ci-rani dai ci-rani ne.

Sai dai ba kowane taron tsuntsaye ba ne albishir. Masuntan sun nuna mini cewa inda suka fi yin dandazo shi ne bayan manyan jiragen da ke jan raga a ƙasan teku, musamman masu neman jatan lande. Ragarsu ba ta zaɓe. Ana ware abin sayarwa, a mayar da tulin ƙananan kifi matattu cikin ruwa. Tsuntsu ya ci banza yau, amma kifin baɗi ne aka zubar. In ya yi ƙaranci, mai kwale-kwale zai ƙona mai ya je nesa, mai banda ta ƙara kuɗi, maigida ya ji a cefane, mai shago irina kuma ya ji a littafin bashi.

Shi ya sa dokar kare teku ta shafe mu, ko da ba mu taɓa riƙe koma ba. Tun 2002 Gabon ta keɓe gandun Akanda da na Pongara, inda itatuwan bakin ruwa ke renon 'ya'yan kifi, baƙin tsuntsaye kuma ke kiwo cikin laka idan ruwa ya janye. A 2017 ta ƙara keɓe wurare 20 a teku, kimanin kashi 26 cikin 100 na ruwanta. Mu ma akwai namu: in an kawo maka kifi 'yan mitsi-mitsi da araha, tuna daga inda arahar ta fito.

A hanyar komawa autana ya tambaye ni, "Baba, a garinmu ma akwai tsuntsun da ke tafiya ya dawo?" Yaron nan a Libreville aka haife shi, bai taɓa ganin shamuwa ba. Na ce akwai, in ta sauka a kan kuka, manomi ya san damina ta ƙarato, sai ya fito da iri. Ya yi shiru, can ya ce, "Mu yaushe ne lokacin komawarmu?" Na ce sai Allah Ya nufa, muka tsallaka titi.