Kafin a Ba da Kwangilar Oba-oba a Yankin Gazara

A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a sassan da 'yan bindiga suka fi addaba, irin su Birnin Gwari da Giwa, bayan Zamfara da Katsina da Sakkwato sun riga ta. Sai ƙarshen Nuwamba aka maido da sabis. Har yau ana gardama kan ko matakin ya yi amfani, amma ya fito da abu guda fili: ranar da aka kashe ƙarfen sabis, ba ɓarawon daji kaɗai ke rasa bakin magana ba. Ɗan sintiri da malamin asibiti da mai unguwa da direban motar ɗaukar marasa lafiya, dukansu a kan layin kasuwa ɗaya suke rataye. Giwa kuwa iyaka ɗaya take da Kudan, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin da wannan magana ta shafa.

Wannan ya sa ƙasashen da suka ɗauki ran ɗan'adam da muhimmanci suke gina wa masu kai ɗauki tasu hanyar magana daban, wato oba-oba. Oba-oba ba kamar wayar hannu take ba. Ka danna maɓalli ɗaya, duk wanda ke zangonka ya ji ka a lokaci guda, babu neman lamba, babu ƙarewar kati. Tana da nata turaku masu karɓar murya su cilla ta gaba, kuma ko turken ya mutu, na'urori biyu da ke kusa da juna suna iya magana kai-tsaye. Nisan da muryar za ta kai ya dogara ne da tsawon turke, da yanayin ƙasa, da kuma ko akwai wuta a batir. Lambar 112 da hukumar sadarwa ta NCC ta tanada abu ne mai kyau, sai dai rabin tafiya ce. Kiran yana bin layin waya ne zuwa cibiya, daga nan kuma sai an sami hanyar da cibiyar za ta taso wanda ya fi kusa da wurin.

Yankin Ikara da Makarfi da Kudan yana da buƙatar wannan fiye da yadda ake zato. Babbar hanyar Zariya zuwa Kano ta ratsa ta Tashar Yari, da tireloli da motocin rake da na tumatir dare da rana. Ƙauyuka sun warwatsu cikin fadamu, daga Gazara zuwa Gubuchi da Gimi, kuma da damina wata hanyar sai babur. Iyakokin Kano da Katsina suna nan kusa, mai laifi na iya tsallakawa cikin mintuna. An daɗe ana kallon yankin a matsayin mai zaman lafiya, amma a farkon Satumban 2023 'yan bindiga suka afka wa masallaci a Saya-Saya ta ƙaramar hukumar Ikara lokacin sallar isha'i, aka rasa mutum bakwai. A irin wannan dare, abin da ke raba rai da mutuwa shi ne ko labari ya isa kunnen da ya dace cikin minti biyu ko cikin minti arba'in.

Saboda haka duk ranar da gwamnati ta tashi sabunta rediyon masu kai ɗauki a wannan yanki, maganar da ta fi muhimmanci ba sunan kamfani ba ce, abin da aka rubuta cikin takardar kwangila ne. Nijeriya ta riga ta biya kuɗin wannan karatu da tsada. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin aikin gina tsarin sadarwar tsaro na ƙasa a kan dala miliyan 470, kuma dala miliyan 399.5 daga ciki bashi ne daga bankin Exim na Sin. Jama'a sun fi tuna kyamarorin Abuja da Legas, amma ƙashin bayan aikin shi ne hanyar magana ta 'yan sanda mai suna GoTa, da ɗaruruwan turaku a faɗin ƙasa. An kafa kayan, sannan aka bar su ba dizal, ba mai gadi, ba mai gyara, ɓarayi suka kwashe batura da faifan sola. Majalisar wakilai ta yi bincike, a 2023 kuma wata babbar kotun tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe bashin, bayan ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar. Kayan sun mutu, bashin bai mutu ba.

Abin takaicin shi ne lokacin da aka ba da wannan aiki akwai doka. Dokar ba da kwangila ta tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta ce a tallata aiki a jaridu, a buɗe tanda a gaban jama'a, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami a kashi 15 cikin ɗari, kafin gyaran 2020 ya ɗaga shi zuwa 30. Kaduna ma ta yi tata dokar a 2016, ta kafa hukumar KADPPA, ta shiga sahun masu wallafa bayanan kwangila a intanet. To amma dokar tarayya ta bar ƙofofi biyu. Sashe na 15, yadda aka rubuta shi a 2007, ya cire sayayyar da ta shafi tsaron ƙasa daga ƙarƙashinta sai in shugaban ƙasa ya amince, sashe na 43 kuma ya halatta sayen gaggawa ba tare da gasa ba. Dukansu suna da dalili. Matsalar ita ce duk abin da aka liƙa wa sunan tsaro sai ya shige ta nan, ba mai tambaya.

A ganina nan ne ya kamata a ja layi. Zangon da 'yan sanda ke magana a kai sirri ne, haka mabuɗin da ke ɓoye muryarsu. Amma farashin oba-oba ɗaya ba sirri ba ne. Yawan turaku, da sunan wanda ya ci kwangila, da shekarun da ya ɗauki alkawarin gyara, babu wanda sanin su zai taimaki ɓarawo. Rediyon da aka shekara goma ana kallon tsufansa kuma ba gaggawa ba ce, sakaci ne.

Ƙa'idar farashi mafi sauƙi ita ma tana da tarko, domin araha ba ta ado. Manomin rake a Makarfi in zai sayi injin ban-ruwa ba ya tsayawa a kan kuɗin saye. Sai ya tambayi man da yake sha, da ko akwai kayan gyaransa a Sabon Garin Zariya, da ko makanikin garinsu ya san cikinsa. Haka ya kamata a auna tanda: kuɗin saye, haɗe da na batura da sola da gadi da horar da ma'aikata da gyara na shekara bakwai ko goma. Wanda ya fi araha ranar buɗe ambulan sau da yawa shi ne ya fi tsada a shekara ta uku.

Sai maganar ɗaure kai ga kamfani ɗaya, wadda ko Ingila ba ta tsira daga gare ta ba. A 2015 ta ba da kwangilolin maye gurbin tsohon tsarinta na Airwave, da nufin kashe shi kafin ƙarshen 2019. A 2016 kamfanin Motorola, wanda ke riƙe da wani babban ɓangare na sabon aikin, ya saye Airwave ɗin kansa. Sabon bai kammalu ba, tsohon kuma ba a iya kashe shi ba, har sai da hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta ƙayyade farashi a 2023, bayan ta gano ana cajin gwamnati rarar kusan fam miliyan 200 a shekara. In haka ta faru da mai tarin lauyoyi da injiniyoyi, ina ga ƙaramar hukuma? Maganin shi ne takardar tanda ta nemi tsarin da ba mallakar kamfani ɗaya ba, irin TETRA ko DMR, wanda kamfanoni da yawa ke ƙera na'urorinsa, ta kuma tilasta miƙa wa gwamnati mabuɗan sarrafa kayan.

Akwai sabon haɗari kuma. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, ana sa ran shugabanninsu za su riƙa sayayya da kansu. In Ikara ta sayi nata, Makarfi nata, Kudan nata, za a wayi gari ɗan sintirin KADVS a Hunkuyi ta Kudan ba ya jin takwaransa na Gazara, dukansu kuma ba sa jin ofishin 'yan sanda, wanda na tarayya ne. Gara su haɗa kai su fitar da tanda ɗaya, su nemi lasisin zango tun kafin a sayi ko eriya, a zauna da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra da 'yan kwana-kwana da asibitoci kafin a rubuta sharaɗi ko ɗaya.

Sharaɗin da ya fi kowanne shi ne na biya. Kada a saki kason ƙarshe don an ga kwalaye a sito ko an yanke kyalle a sakatariya. A ɗauki na'ura a shiga kowace mazaɓa, da rani da kuma tsakiyar damina, a gaban hakimi da kansila da shugaban 'yan sintiri, a kira. In murya ta isa, a sa hannu. In ba ta isa ba, ɗan kwangila ya koma ya ƙara turke da kuɗinsa.

Ga 'yan majalisar da ke wakiltar Ikara da Makarfi da Kudan, da sarakunan yankin, da ƙungiyoyin matasa masu bibiyar kasafi: ku nemi ganin takardar tanda tun tana daftari, domin bayan an sa hannu sai dai ƙorafi.