Mai Tantabara Ashirin Da Mai Ɗari Biyar: Ƙuri'ar Wa Ta Fi Nauyi?

Mu 'yan kasuwar mota na Kwatano da Lome, in aka ce Beljiyam abin da ke faɗo mana a rai bai wuce titin Heyvaert na birnin Burasels ba, sai tashar Antwap inda ake loda tsofaffin motoci a jirgin ruwa a turo mana. Amma ƙasar tana da wata haja da duniya ta san ta da ita, wato tantabarun tsere. A watan Nuwamba na 2020 an yi gwanjon wata tantabara mai suna New Kim, wani ɗan ƙasar Sin ya saye ta Yuro miliyan 1.6. Kafin ita, a watan Maris na 2019, an sayar da wani namiji, Armando, Yuro miliyan 1.25. Tsuntsu guda ke nan fa, a bakin kuɗin tsofaffin motoci ɗaruruwa.

Na tashi da kiwon tantabara a gidanmu, shi ya sa in na je sayayya na samu sarari nakan zauna da dattawan da ke wannan harka, mu lallaɓa da ɗan Faransancinmu na Kwatano. Abin da na fi tsinta a bakinsu shi ne rigimar ƙuri'a: wa ke da bakin magana a ƙungiya, kuma bakin wa ya fi na wani.

Sai mai karatu ya san yadda ake tseren sannan zai ga dalilin rigimar. Kowa yana kiwon tantabarunsa a gidansa, kowace da zobe mai lamba a ƙafa. In tsere ya zo, sai kowa ya kai nasa kulob ɗin unguwa, a zuba su a kwanduna, babbar mota ta kwashe su zuwa wani gari mai nisa, yawanci a Faransa, kamar Burj ko Limoj. Tsere mafi suna shi ne na Basalona a Sifaniya, tafiyar sama da kilomita 1,000. Can za a sake su lokaci guda, kowace ta nufi gidan ubangidanta. Ba banza ba Bahaushe ke mata kirari da uwar alƙawari. Da ta sauka, na'urar da ke ƙofar ɗakinta za ta karanta zoben ta rubuta lokaci. Tun da gidajen ba nisa ɗaya suke ba, sai a raba nisan kowane gida da mintocin da tsuntsun ya yi a sama. Wadda ta fi yawan mita a minti ita ta ci.

To a nan gizo ke saƙa. Tantabaru a garke suke tashi, kuma iska tana tura garken. In ta busa daga yamma, garken zai karkata gabas, masu gidaje a gabas su kwashe kyaututtuka, tsuntsun mutumin yamma kuwa sai ya ɓalle ya yi ta faman dawowa shi kaɗai. Ka ga ke nan garin da za a sake su, da ranar, da ƙauyukan da za a haɗa a gasa ɗaya, suna iya ba mutum nasara ko su hana shi tun tsuntsu bai buɗe fiffike ba. A Ingila akwai masu kai tantabarunsu arewa da masu kai su kudu, kuma sauya hanya magana ce da ake kaɗa wa ƙuri'a a taron shekara. Mutum ya yi shekaru yana tace irin da ya san hanya ɗaya, ɗaga hannu na minti biyu ya mayar da wahalarsa baya.

Ƙungiyoyin nan sun tsufa. Ta Ingila, wadda yanzu ake kira RPRA, an kafa ta a 1896 a birnin Lids. Ta ƙasar Beljiyam kuwa a 1910. Tsarinsu hawa-hawa ne: kulob a ƙasa, kulob-kulob su haɗu su yi tarayya ko reshen lardi, daga nan wakilai su tafi taron ƙasa. Duk da tsufan nan, tambayoyi uku ba su daina tayar da jijiyar wuya ba.

Ta farko: kulob mai mutum takwas da mai mutum sittin, kowanne ƙuri'a ɗaya a tarayya, ko gwargwadon yawan jama'arsa? In aka ce ɗaya-ɗaya, ƙananan kulob biyar za su iya kayar da jama'ar da ta ninka su. In aka bi yawa, manya biyu su haɗa kai, sauran sun zo rakiya.

Ta biyu ta shafi iyali. Gidaje da yawa da sunan miji da mata suke tsere, ko uba da ɗa. Ƙuri'a ta ɗakin tantabaru ce ko ta mutum? Sau da yawa uwargida ce ke ba su hatsi, ta share ɗaki, ta tsaya jiran saukarsu maigida yana wurin aiki. A hana ta ɗaga hannu, an zalunce ta. Amma kuma in aka sake ƙofa, wani zai rubuta sunan ƙannensa huɗu da ba su taɓa riƙe tsuntsu ba, don ya zo taro da hannu biyar.

Ta uku ita ce ta kuɗi. Mai tantabara ɗari biyar yana cewa kwandunansa ne ke biyan man mota, don me za a daidaita shi da tsoho mai guda ashirin a bayan gida? Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Sai dai ni a ganina ya manta abu ɗaya. Abin da ke sa Basine ya zuba miliyoyi a kan tsuntsu shi ne dubban tsuntsayen da ya tsere wa, kuma na ƙananan mutane ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu wannan kiwo a Beljiyam sun haura 250,000. A 2020 ba su wuce kusan 18,000 ba. Dalilan raguwar suna da yawa, akwai tsufa, akwai tsada, akwai samarin da hankalinsu ya koma wani wuri. Amma duk ƙaramin da ya ga bakinsa bai da amfani a taro, sayar da kwandunansa zai yi. In sun watse, da wa attajirin zai yi tsere?

Akwai masu cewa a huta da gardama, a tara tantabarun kowa tun suna ƙanana a ɗaki ɗaya su yi tsere zuwa gida ɗaya, kamar gasar dala miliyan da aka fara a Afirka ta Kudu a shekarun 1990. Wannan ya kashe rigimar gabas da yamma. Amma a can mai shirya gasa ne ke yanke komai, kai naka biyan kuɗi da jiran sakamako.

'Yan'uwa, ku cire tantabara ku sa kwantena, za ku ga ƙungiyoyinmu na zango. Alhaji mai kwantena goma da yaron da ke juya mota biyu, uba da ɗa masu shago ɗaya, hajiya da ke biyan kuɗin wata amma ba a kiran ta taro. Shawarata ita ce a rubuta doka tun ana dariya, kafin rigima ta zo. Duk wanda ke biyan kuɗin ƙungiya da sunansa kuma yana cikin sana'ar, namiji ko mace, a ba shi ƙuri'a ɗaya. Wanda ya fi ba da gudunmawa a gode masa a bainar jama'a, a sa shi gaba a wurin zama, amma hannunsa ɗaya ne. Wakilin da aka tura babban taro ya kai abin da aka aike shi, ya dawo ya faɗi yadda ya kaɗa. Zaɓen shugabanni kuwa a yi shi a takarda, domin yaron da ke cin bashin Alhaji ba zai iya ɗaga hannu a gabansa ya ƙi shi ba.

Shawara ɗaukar ɗaki ce, sai kowa ya sa hannu take tashi. Allah Ya haɗa kanmu, Ya sa albarka a nemanmu.